BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Labarin Guduna Na Farko Na Kilomita 21

A ƙasarmu ta Hausa, in ka ga magidanci yana sheƙa gudu, to ɗayan biyu ne: ko dai an koro shi, ko kuwa shi ya koro wani. Yaro ne ke gudu don nishaɗi, babba kuwa tafiya yake yi cikin natsuwa yana gaisawa da jama'a. A nan Maradun ma abin ya wuce haka, domin a 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi Jihar Zamfara, gudun mutum ɗaya da asuba ya isa ya ta da unguwa guda. Ranar da na fara fita, ban yi nisa ba sai wata tsohuwa ta dire bokitinta ta dafa ƙirji ta ce, "Malam, mi na na? Sun shigo?" Na tsaya ina haki na ce, "Lafiya lau, Inna, motsa jiki nake yi." Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce Allah ya sawwaƙe.

To, 'yan'uwa masu karatu, daga wannan safiya zuwa ranar da na gama gudun kilomita 21 a Kaduna, wata biyar ne. Abin da na koya a tsakani shi nake so in ba ku labari, ko wani zai amfana.

ABIN DA YA SA NI GUDU

Ba neman suna ya fitar da ni ba, tsoro ne. A farkon daminar 2020 ciwon kai ya matsa mini, na je asibiti. Ma'aikacin lafiya ya ɗaura mini abin awon jini, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam, 150 bisa 95 ne, ga shi ko shekara 30 ba ka cika ba." Ya bayyana mini cewa in awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya haura, to hawan jini ke nan. Gabana ya faɗi, don shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da mahaifina shekara biyu kafin ya rasu, ni ne kuwa na yi jinyarsa. Ma'aikacin ya ce in rage gishiri da dunƙule, in riƙa zuwa awo, in kuma motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau kamar rabin sa'a sau biyar. Da na yi lissafi sai na ga ko masai ne da ɗan nisa, babur nake hawa.

MENE NE RABIN GUDUN FAMFALAKI?

Gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya da ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Asalinsa wani tsohon labari ne na Girkawa, cewa wani manzo ya yi gudu daga filin yaƙin Maraton zuwa birnin Atina don kai albishir na nasara, shekara 490 kafin haihuwar Almasihu. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a Atina a 1896 sai aka sa irin wannan tsere don tunawa. Tsawon da ake amfani da shi yanzu an fara gudunsa ne a Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921. A 1960 ne wani soja ɗan Habasha, Abebe Bikila, ya ci wannan tsere a birnin Rum ba ko takalmi a ƙafarsa, tun daga nan kuwa 'yan gabashin Afirka suka zama gagara-gasa.

Rabinsa shi ne kilomita 21 da kusan mita 100. In kana so ka gane nisan, ka ɗauka kamar daga Maradun zuwa Talata Mafara ne, ko kusa da haka. Gwanaye na cinye wannan tafiya cikin ƙasa da sa'a guda. Alal misali, a 2024 Yomif Kejelcha na Habasha ya yi ta cikin minti 57 da daƙiƙa 30 a birnin Balensiya na ƙasar Sifen. Amma irina da irinka, sa'a biyu zuwa uku muke yi, ba kuwa abin kunya ba ne. Wanda ya zo na farko da wanda ya zo na ƙarshe, nisa ɗaya suka taka.

INA ZA A YI GUDUN?

Wannan ita ce matsalar farko. Da a zamanin zaman lafiya ne, da na bi hanyar madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, in ratsa gonakin noman rani da sanyin safiya. Amma wa zai fita bayan gari da duhun asuba a wannan zamani? Uwargida ta ce mini ƙiri-ƙiri, "Maigida, in maganin hawan jinin shi ne a tafi da kai daji, to gara hawan jinin." Ban iya musa mata ba.

Sai na koma filin ƙwallo na wata makaranta a cikin gari. Na sami izini, na kuma je na gaya wa mai unguwa da 'yan sintiri, don kada a gan ni da sassafe a yi mini wata fassara. Na auna kewayen filin da igiya, ya ba ni kamar mita 340, watau zagaye uku kilomita guda ke nan. Don kada lissafi ya ɓace mini, sai in zuba tsakuwa a aljihun dama, kowane zagaye in mai da guda ɗaya aljihun hagu. Yara masu zuwa ɗibar ruwa har suna suka sa mini, wai Malam Mai Tsakuwa.

SANNU BA TA HANA ZUWA

Kuskuren da na fara yi shi ne na kowane sabon shiga. Na zabura kamar mai bin ɓarawo, kafin zagaye biyu ƙirjina ya ɗauki wuta, na kwana uku ina ɗingishi. Wani malamin wasanni mai ritaya da ke kallona ya kira ni ya ce, "Ɗana, in ba ka iya gaisawa da mutum kana cikin gudu ba, to ka yi sauri da yawa." Shi ya tsara mini hanya: sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti biyu, har rabin sa'a ta cika, sau uku a mako. Ya ce kada in ƙara fiye da kashi ɗaya cikin goma a kan abin da na yi makon jiya, domin huhu da zuciya sukan saba da wuri, amma jijiya da ƙashi da gwiwa sai a hankali. Mai gaggawa numfashinsa zai ce masa ya iya, gwiwarsa kuwa ta ƙaryata shi.

Bayan wata biyu ina yin kilomita 5 ba tsayawa. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa gwamnatin Kaduna za ta shirya tseren kilomita 21, da na 10, da na 5, kowa kuma na iya shiga. Na rubuta sunana a babban. Daga nan na mai da Asabar ranar dogon gudu, Lahadi kuwa hutu da sujada. Mafi tsawo da na yi shi ne zagaye 50, kamar kilomita 17, saura mako biyu a yi tseren. Daga nan malamina ya ce in rage, in bar jiki ya huta ya tara ƙarfi. A watan Satumba zazzaɓin cizon sauro ya kama ni, ya hana ni fita kwana goma, ya ce gudu da zazzaɓi a jiki kasada ce ga zuciya.

RANAR TSERE

Ranar Asabar ce, 21 ga Nuwamba, 2020. Tun ranar Alhamis na kama hanya ta Gusau, Tsafe, Funtuwa da Zariya, na sauka wurin wani ɗan'uwa. Da safe na sha koko da burodi sa'a biyu kafin a fara, abin da na saba ci ke nan. Na shafa man basilin a cinya da hammata saboda gugar riga, na sa tsohon kambas ɗina na gwanjo wanda ƙafata ta riga ta san shi.

Da aka tashe mu sai na manta da duk karatun wata biyar. Ga jama'a, ga sowa, ga baƙi 'yan Kenya sun wuce kamar iska, ni ma sai na biye wa ɗoki. Laifina ne ni kaɗai. A wajen kilomita 16 sha-raɓata ta dama ta ɗaure tamau kamar an daki dutse. Na tsaya a bakin titi na riƙe turken lantarki, zuciyata na ce mini, kai Malam, nemi babur ka koma gida. Sai ga wani dattijo mai furfura yana tafe da 'yar sassarfarsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, miƙe ƙafar, sa'an nan ka taka. Tafiya ma gaba take kai mutum." Na ce, "To, Baba." Muka yi tafiyar minti biyu, sassarfar minti biyu, daidai yadda na fara a filin makaranta. Haka muka ƙarasa. Agogona ya nuna sa'a 2 da minti 31. 'Yan Kenya da suka lashe tseren, maza da mata, sun gama tun ina tsakiyar hanya. Baban nan kuwa ya ɓace cikin taro ban ko tambayi sunansa ba.

GA MAI NIYYA

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai sha'awa, ga 'yan shawarwari. Da fari, je a auna jininka kafin ka fara, musamman in ka haura shekara 40, ko kana da ciwon sukari, ko sikila, ko kakan ji ciwon ƙirji. Gudu ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Na biyu, ba kanka aƙalla wata uku zuwa huɗu, in ba ka taɓa gudu ba ma fiye da haka. Na uku, guji rana. A bazara zafin ƙasarmu kan haura digiri 40, saboda haka ka gama kafin hantsi. In ka ji jiri, ko amai, ko kanka ya fara ruɗewa, tsaya nan take ka nemi inuwa da taimako. Na huɗu, sha ruwa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishi, kada ka ɗura shi fiye da kima, don yawansa ma yakan tsinka gishirin jiki. Bayan dogon gudu, ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa yana taimakawa. Na biyar, kada ka gwada sabon takalmi ko sabon abinci ranar tsere. Ka tuna, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba lalle sai da kilomita 21 za ka fara ba. Tseren Okpekpe na Jihar Edo, wanda aka soma a 2013, kilomita 10 ne. Babban tseren Legas da aka fara a 2016 shi ma yakan haɗa da na kilomita 10 don irinmu.

Yau awon jinina ya sauko, ina kuma zuwa a duba ni. Matasa shida sun shigo ayarina, Kirista da Musulmi, har da ɗan tsohuwar nan da na tsorata. Har yanzu dai fili muke zagayawa da tsakuwa a aljihu. Mun yi alkawari tsakaninmu cewa ranar da hanya ta yi lafiya, za mu tashi daga Maradun da asuba mu karya kumallo a Mafara, duk wanda ya gan mu kuma ya san ba kowa ya koro mu ba. Allah ya nuna mana ranar, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.