Ɗakin kulawa ta musamman: Me ya sa ake tsare dangi a bakin ƙofa?

A manyan asibitocinmu mai jinya ne ke ɗauke da rabin aikin. Shi ke zuwa sayen magani, shi ke neman jini, shi ke bin layin biyan kuɗin gwaji. Amma da zarar ciwo ya tsananta aka shigar da majinyaci ɗakin kulawa ta musamman, sai wannan bawan Allah ya koma baƙo, yana zaune a baranda yana jiran 'yan mintocin da za a ba shi. Ina ganin ya kamata a sake duba hujjojin wannan tsari.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ƙwayoyin cuta, kuma an gwada ta. A 2006 wasu likitoci a Italiya suka wallafa binciken da suka yi a wani irin wannan ɗaki, inda suka riƙa sauya tsarin ziyara tsakanin takaitawa da sakewa. Ƙwayoyin cuta sun ƙaru a ɗakin lokacin da aka sake ƙofa, amma kamuwar majinyata ba ta ƙaru ba, matsalolin zuciya ma raguwa suka yi. Bincike mafi girma shi ne na Birazil, wanda mujallar JAMA ta buga a 2019: ɗakuna 36, majinyata 1,685, aka yarje wa dangi zama har sa'o'i 12 a rana. Abin da masu binciken suka fi sa rai, wato raguwar ruɗewar hankalin majinyata, bai tabbata ba, domin kashi 18.9 cikin ɗari da kashi 20.1 ba wani bambanci ba ne. Sai dai kamuwa da cuta ba ta ƙaru ba, gajiyar ma'aikata ba ta ƙaru ba, damuwa da fargabar dangi kuwa sun ragu.

To, in ba ƙwayoyin cuta ba, mene ne? A ganina cikas na gaskiya yana wani wuri. Ɗakunanmu ƙanana ne, gadaje kusa da juna, maza da mata a wuri ɗaya, kuma mutumin da ke kan na'urar numfashi ba ya iya suturta kansa. Wanda ya zo ganin mahaifinsa zai ga tsiraicin matar wani, wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinmu. Ga ƙarancin ma'aikatan jinya: nas ɗin da ke kula da gado fiye da ɗaya ba ta da sararin amsa tambaya duk lokacin da na'ura ta yi ƙara. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, ba kowane ma'aikaci ke son a zuba masa ido yana aiki ba.

Mu ma da namu laifin. Dubiya ibada ce, amma mun mayar da ita gayya: mota guda ta 'yan unguwa, da kulolin abinci, da ruwan rubutu da wani zai so ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya. Babu likitan da zai buɗe wa wannan ƙofa, ni ma ba zan ce ya buɗe ba.

'Yan Birazil ba haka kawai suka saki ƙofa ba, sai da suka zaunar da dangi suka koya musu yadda ɗakin yake da abin da aka hana. Mu ma za mu iya: iyali su zaɓi mutum biyu, a rubuta sunayensu, a koya musu wanke hannu, a sa labule tsakanin gadaje, su fita idan za a yi wa wani aiki. Kuma a rubuta cikin dokar asibiti cewa idan likita ya ga alamun ajali, ko da tsakar dare ne, za a kira ɗaya daga cikinsu ya shigo ya laƙƙana wa ɗan'uwansa kalmar shahada.