Dokar Ƙwace Dukiya A Amurka: Jan Kunne Ga Mai Kwana Cikin Mota

Ya ku 'yan ƙungiya, fatake da dillalai da direbobi har da yaran mota, yau za mu ɗan fita daga kara mu leƙa Amurka. Kada wani ya ce me ya haɗa kifi da kaska. A cikinmu akwai masu ɗa ko ƙane a can yana tuƙin babbar mota ko tasi, wani ma a motar yake kwana saboda tsadar haya. Ban da haka, mu kanmu mutanen hanya ne: kuɗi a ƙugu, tabarma a gindin titan. Saboda haka maganar ta shafe mu. Inda duk muka ce dala a nan, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa ba.

Hanya biyu hukumar Amurka ke karɓe dukiyar mutum. Ta farko kowa ya san ta: a kama mutum, alƙali ya same shi da laifi, sannan a ƙwace abin da ya samu ta laifin. Ta biyu ita ce mai ɗaure kai. A nan ba mutum ake tuhuma ba, dukiyar ake tuhuma. Ɗan sanda ya ce yana zargin kuɗin nan ko motar nan suna da alaƙa da laifi, galibi fataucin ƙwaya, sai ya tafi da su, mai su kuwa a sallame shi ba tare da an caje shi da komai ba. Asalin abin daga dokokin jiragen ruwa na Ingila ne, lokacin da mai jirgi kan zauna a wata ƙasa hannu bai kai gare shi, sai a kama jirgin a madadinsa. Har yau idan an shigar da ƙara, sunan dukiyar ake rubutawa a matsayin wanda ake ƙara.

Ga misali ɗaya. A 2003, a jihar Nebaraska, an tsai da wani mutum saboda gudu. Aka sami dala 124,700 cikin kula a bayan motar hayar da yake tuƙi. Ya ce shi da abokan cinikinsa suka haɗa jari don sayen motar sanyi ta ɗaukar kayan gwari, ya je Cikago ya tarar an sayar, ya juyo da kuɗin. Ba a sami ƙwaya ba, kare ne dai ya shinshina ya nuna alama. Kotun farko ta ce a mayar masa, amma a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci, ta ce yawo da kuɗi masu yawa haka babbar alama ce ta harkar ƙwaya. Jama'a, wannan ba labarinmu ba ne? Mutum uku su haɗa jari, ɗaya ya ɗaura a ƙugu ya nufi kasuwa, ya tarar shanun sun tafi, ya juyo.

To me ya sa abin ya yawaita? A 1984 majalisar Amurka ta yi dokar da ta buɗe asusu na musamman don dukiyar da aka ƙwace, ta kuma yarda a raba da 'yan sandan jihohi da na garuruwa, har kashi 80 cikin 100 kan koma wa ofishin da ya yi kamun. Ka ga an ba kura ajiyar nama ke nan. A 2014 jaridar Washington Post ta ƙidaya kamun kuɗi 61,998 tun daga Satumban 2001, jimla fiye da dala biliyan 2.5, duk babu takardar bincike daga alƙali, babu tuhuma. A wani ƙaramin gari mai suna Tenaha a jihar Teksas, tsakanin 2006 da 2008, akan tsai da matafiya a ce su sa hannu sun sallama kuɗinsu, in ba haka ba a caje su, wasu ma a yi musu barazanar raba su da 'ya'yansu. Sai da aka kai ƙara, aka yi sulhu a 2012.

Yanzu mu zo kan mai kwana a mota, don shi ne abin ya fi yi wa ɓarna. Dokar Amurka tana girmama gida mai bango fiye da gida mai taya. Ɗan sanda ba ya shiga gidan mutum ya yi bincike sai da takardar alƙali, in ba da wata larura ba. Mota kuwa, tun 1925 Kotun Ƙoli ta ce in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi ana iya bincika ta nan take, don tana iya gudu. A 1985 kotun ta ƙara da cewa ko da motar irin mai gado da murhu ce, muddin tana iya tashi, hukuncin mota ne a kanta. Haka kuma a 1993 ta ce ba a karɓe gida ko fili sai an sanar da mai shi an saurare shi, amma mota ana iya jan ta tun a bakin hanya. Dokar tarayya ta tanadi lauya kyauta ga talakan da ake son ƙwace gidan da yake zaune ciki, sai dai gida na ƙasa take nufi, ban da mota.

Sai matsalar adireshi. A tsarin tarayya, hukuma na da kwana 60 ta aiko da takardar sanarwa, mai dukiya kuma akan ba shi kamar kwana 35 ya rubuta cewa nasa ne, bai yarda ba. In wa'adi ya wuce shiru, shi ke nan, dukiya ta zama ta gwamnati ba tare da alƙali ya ga maganar ba. To wanda ɗakinsa mota ce, kuma an ja motar, ina wasiƙa za ta same shi? Takardun da zai kare kansa da su ma suna cikinta, tare da bargonsa da maganinsa da kayan aikinsa. Kamu ɗaya, an raba shi da makwanci da jari da hanyar zuwa aiki.

Ko babu zargin ƙwaya, tarar ajiye mota kaɗai tana iya kai shi ƙasa. A birnin Siyatil, a 2016, an ja motar wani lebura da ke kwana a cikinta, don ta wuce awa 72 a wuri ɗaya. Mako uku yana kwana a waje kafin ya karɓo ta, da bashin dala 547 a wuyansa. A 2021 babbar kotun jihar Washinton ta ce tarar ta wuce kima in aka dubi ƙarfinsa, ta kuma yarda motar gidansa ce. Amma hukuncin jiha ɗaya ne.

Mai ba da aron mota shi ma ya yi hattara. A 1996 Kotun Ƙoli ta yarda jihar Mishigan ta ƙwace motar da wata mata ke da rabi a ciki, saboda laifin da mijinta ya yi cikinta, alhali ba ta san komai ba.

Gaskiya an yi 'yan gyare-gyare. Tun muna makaranta muka san mai da'awa shi ke kawo shaida, amma a wannan fanni sai a 2000 dokar tarayya ta ɗora wa gwamnati nauyin kawo hujja. Ta kuma ba da damar neman a saki mota kafin a gama shari'a, in riƙe ta zai bar mutum ba makwanci ko ba sana'a. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce haramcin tara mai wuce kima ya hau kan jihohi, a shari'ar wani ɗan Indiyana da aka ƙwace masa motar dala 42,000 kan laifin da tararsa ba ta wuce 10,000 ba. Jihar Niyu Meziko ta soke irin wannan ƙwace a 2015, Men ta bi sahu a 2021. Sai dai a 2024 Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne a yi zaman gaggawa don duba ko za a mayar wa mutum motarsa kafin shari'a. Ke nan yana iya jiran watanni.

Saboda haka mu gaya wa yaranmu na can. Yawo da kuɗi cikin Amurka ba laifi ba ne, amma wanda zai shiga ko ya fita da fiye da dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan. Abin da banki zai iya ɗauka, kada a ɗora wa ƙugu. In ya zama dole, a riƙe takardar cire kuɗi da ta ciniki, a bar kwafinsu wajen ɗan'uwa. A sami adireshin wani amintacce da zai karɓi wasiƙa. In an karɓi kuɗi a nemi rasit, kuma kada a sa hannu a takardar da ta ce kuɗin ba naka ba ne, ko da an ce ita ce za ta sa a sake ka.

Mu nan gida dokokinmu daban suke, amma wanda ya taɓa tsayawa a shinge da jarin mutum biyar a jikinsa ya san rana irin wannan baki ba ya fid da mutum, sai takarda. Rasit na kara, takardar likitan dabbobi, ta duwan, da jerin masu amana da abin da kowa ya zuba, duk a tanade su, a bar kwafi a gida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya. Wassalam.