Yaran Hailsham da Zanensu

A shekarar 1996 masana a Sikotilan suka samar da wata tunkiya mai suna Dolly daga ƙwayar halittar wata tunkiyar, ba tare da rago ba. Nan fa aka shiga tambaya: in aka yi wa mutum haka fa?

Kazuo Ishiguro, marubucin Ingila haifaffen Japan, ya bi wannan tambaya cikin ƙagaggen labarinsa, Never Let Me Go, na 2005. Kathy da Ruth da Tommy sun tashi a makarantar kwana ta Hailsham, ba uwa ba uba, domin kwafin wasu mutane ne. Ana renonsu don in sun girma a riƙa cire sassan jikinsu ana dasa wa marasa lafiya har su mutu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar zane. Wata mata da suke kira Madam takan zo ta kwashe mafi kyawun zanen yaran. Sai daga baya Kathy da Tommy suka ji dalili: ana so a nuna wa jama'a yaran nan suna da ruhu. Ka ji fa! Yaron da yake kuka, yake ƙauna, wai sai ya kawo shaida. Ai jama'ar sun sani sarai. Lafiyarsu suke so, shi ya sa suka kau da kai.

Aka rufe Hailsham, Ruth ta rasu, Tommy ya bi ta. Kathy, mai ba da labarin, 'yar shekara 31, ba ta da kowa sai tunaninsu, ga shi ita ma an kusa fara cire nata sassan.