Ƙwarin Da Babu Su A Jiki

Jama'a, akwai wani ciwo da ya kamata kowane maigida ya sani, domin mai shi ya kan wahala ƙwarai kafin a gane abin da ke damunsa. Mutum zai ce ƙwari ko tsutsotsi suna yawo a ƙarƙashin fatarsa, suna cizonsa dare da rana, alhali kuwa in an duba babu kome.

Wata rana wata dattijuwa ta zo mini ɗakin magani da kwalin ashana a ƙulle cikin gefen zanenta. Ta buɗe, ta ce, "Malam, ga su nan na kamo." Na duba, na sāke dubawa. Zaren tufa ne da ɓawon ƙurji da ɗan yashi. Hannuwanta kuwa duk gyambo, don ta yi ta tono da allura. Ta riga ta ƙone tabarmarta da zannuwa uku.

Kada ku ce ƙarya ta ke yi. Abin da ta ke ji, da gaske ta ke jinsa, amma ciwon a ƙwaƙwalwa ya ke. Wani likita Bafaranshe, Thibierge, ya ba da labarinsa a 1894, sa'an nan wani likitan ƙasar Suwidin, Ekbom, ya bayyana shi sosai a 1938, har a ke kiran ciwon da sunansa. Ya fi kama mata waɗanda suka wuce shekara 50. Wani lokaci kuma wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai shi ya kan ɗauki maganar, shi ma ya fara susa.

To, amma kafin a ce wannan ne, lalle sai an bincika. Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne na gaske ke kawo ta, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tana fitowa tsakanin yatsu, ta bi yaran gida duka. Akwai ƙwarƙwata, akwai kuɗin cizo. Ciwon sukari, da ciwon ƙoda ko na hanta, da ƙarancin sinadarin B12, da ruɗewar tsufa, duk suna sa jin abu na tafiya a fata. Haka kuma mashayin giya in ya bari farat ɗaya, da masu shan hodar iblis. Saboda haka likita zai kankari fata ya duba a madubinsa, ya auna jini da fitsari.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin da mutane ke yi da kansu. Kada a shafa kananzir ko fiya-fiya ko maganin feshin gona a jiki. Suna ƙone fata, su shiga jini, suna iya kisa. A ɓoye reza da allura, a yanke masa farce, a wanke gyambon da sabulu da ruwa mai tsabta.

Kai maigida, kada ka yi gardama da shi, gardama ba ta cire wannan tunani. Kada kuma ka ce ka ga ƙwarin don ka faranta masa rai. Ka ce masa, "Na ga kana shan wuya, mu je a duba ka." In ka ambaci hauka, ba zai bi ka ba.

Akwai magani. Likitocin ƙwaƙwalwa, kamar na asibitin Barnawa a Kaduna ko na Kware kusa da Sakkwato, suna ba da ƙwayoyi irin su risperidone, kaɗan-kaɗan, kuma da yawa suna samun sauƙi. Sai an yi makonni ana sha kafin ƙaiƙayin ya lafa. Ko ya lafa, kada a daina sai likita ya ce, don in an yanke da wuri ya kan dawo.