Harsashi biyar, daƙiƙa huɗu

A gasar harbin sauri da ƙaramar bindiga daga nisan mita 25, wadda ake yi a Olamfik, harsashi biyar kacal ake lodawa a kowane zagaye. Allon saiti biyar ne, lokaci kuma yana raguwa daga daƙiƙa 8 zuwa 6, sannan 4. Masu kallo kan zuba wa kunamar bindiga ido. Ni kuwa da nake karatun injiniya, gidan harsashi ne ke ɗauke min hankali.

Harsashin .22 da ake amfani da shi yana da leɓe a gindi. In leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa wajen lodi, sai ya maƙale, shi ke nan zagaye ya lalace. Ga kuma kakin da ke jikin dalma, yana taruwa a ciki har sifirin ya yi nauyin turowa. Dokar ISSF sau ɗaya tak take ba ka uzurin maƙalewa a cikin harbi 30. Shi ya sa ƙwararru ke rubuta wa kowane gida lamba, don su gane mai ba da matsala su ajiye shi gefe.

Batun wai barin harsashi a ciki na kashe sifirin kuwa, ban yarda ba gaskiya. Yawan matsewa da sakewa ne ke gajiyar da ƙarfe, ba zama a matse ba. Amma dai a filin gasa, kada ka kuskura ka loda sai alƙali ya ba da umarni.