Allura Iri Biyu Ga Mai Amosanin Gaɓɓai

A ce wata uwa ce a Tsafe. Ta tashi da asuba za ta hura wuta, amma yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, sai hantsi ya yi sosai kafin ta iya riƙe muciya. Gaɓɓan yatsun sun kumbura, hannun dama da na hagu duka. Waɗansu su ce sanyi ne, waɗansu su ce sammu.

Sau da dama wannan amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta auka wa gaɓɓan mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kashi 70 cikin 100 kuwa mata ne.

Mutanenmu suna son allura, to, amma allura iri biyu ce. Akwai wadda ake yi a kemis, irin su deksa. Ciwo yakan kwanta, mace ta koma daka, a yi ta yabon mai kemis. Cutar kuwa tana nan tana cin gaɓa a ɓoye. Idan aka maimaita wata da watanni, sai fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, ciwon sukari ko hawan jini ya shigo. Yatsan da ya riga ya karkace kuma ba ya komawa daidai.

Ɗayar ita ce mai tare cutar kanta. Tun shekarar 1929 wani likita a Faransa, Jacques Forestier, ya fara yi wa masu wannan ciwo allurar zinariya. Yanzu an bar ta, an koma ga metotirekset, wanda Amurka ta amince da shi domin wannan cuta a 1988. Akwai shi ƙwaya, akwai allura ta ƙarƙashin fata. Mai karatu, riƙe wannan da kyau: sau ɗaya ne a mako, ba kullum ba. Shansa kullum yana iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana gwada jini da hanta lokaci lokaci. Mai ciki ba ta amfani da shi, haka mai neman ciki. Ban da giya, ban da Septrin. Yakan yi mako 6 zuwa 12 kafin a ji sauƙi, kada a yi fushi a watsar.

In bai isa ba, akwai sababbin allurai kamar Humira, wadda ta fito a 2002, ana yinta bayan kowane mako biyu. Tana da tsada ƙwarai, dole a ajiye ta cikin firji, ga kuwa halin wutar lantarkinmu. Sai an gwada tarin fuka tukuna, gama tana iya ta da wanda ya kwanta a jiki.

Wanda yake Tsafe ko Bunguɗu, ya fara zuwa babban asibitin garinsu ya roƙi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau. Idan akwai bukatar ƙwararre, akan tura mutum asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya. Mun san tafiya a hanyoyin nan sai da addu'a, saboda haka a tafi da rana, a riƙo kwalayen dukan magungunan da aka sha, a kuma tambayi likita ko za a iya yin gwajin jinin a asibitin kusa da gida.