Jarin Juyawa da Kula da Rance: Tasirinsu ga Ribar Ƙananan Bankuna a Yankin Illela

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ribar ƙaramin banki ta dogara ne ga saurin juyawar jarinsa da dawowar rancen da ya bayar a kan kari. An ɗauki Araba da Illela, waɗanda ke bakin iyakar Jihar Sakkwato da Birnin Ƙwanni na Jamhuriyar Nijar, su zama abin misali.

Taƙaitaccen Tarihi

Tun kafin zuwan bankuna Bahaushe ya san adashi da bashin amana. Gwamnatin Tarayya ta kafa People's Bank cikin 1989, sannan bankunan al'umma cikin 1990. Cikin 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin ƙananan bankuna, amma a 2010 ya soke lasisin guda 224, galibi saboda bashin da ya maƙale da ƙarancin jari.

Jarin Juyawa

Jarin juyawa shi ne abin da ya rage idan aka cire kuɗin da ake bin banki nan kusa daga tsabar kuɗi da rancen da zai karɓo nan kusa. A ƙaddara banki yana da naira miliyan 10. Idan yana ba da rancen wata uku, kuma ana biya a kan lokaci, kuɗin zai juya sau huɗu a shekara. Idan biyan ya kai wata shida, sau biyu kawai zai juya, alhali albashi da kuɗin haya ba su ragu ba. Haka kuma, kuɗin da aka jibge ba ya haihuwa, wanda aka rabar duka kuwa yakan bar masu ajiya a bakin ƙofa. Don haka ne Babban Banki ya shar'anta a riƙe aƙalla kashi 20 cikin 100 na ajiya a matsayin kuɗin da za a iya fitarwa nan take.

Kula da Rance

Sana'o'in yankin na lokaci ne. Mai kiwon raguna sai Babbar Salla ta gabato yake ganin kuɗinsa, manomin albasa sai bayan ya cire, ɗan tireda kuwa kowace kasuwar Lahadi ta Illela. Bankin da ya ɗora wa ukun nan wa'adi iri ɗaya shi ya jawo wa kansa jinkirin biya. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kada rancen da ya wuce wa'adi ya haura kashi 5 cikin 100.

Bugu da ƙari, akwai haɗarin iyaka. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har Nijeriya ta buɗe ɓangarenta cikin Maris 2024. Bankin da ya tattara rancensa ga fataken ƙetare kaɗai, rana ɗaya masu bashinsa za su gaza.

Kammalawa

Ya kamata ƙaramin banki ya daidaita wa'adin rance da lokacin cinikin mai karɓa, ya rarraba shi tsakanin noma da kiwo da fatauci, ya kuma nemi shaidar dillalai da shugabannin kasuwa kafin bayarwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.